Tallan Tsiraicin Mutane a Motar Haya

Jiya a cikin motar haya daga Kawo zuwa Kasuwar Barci a Kaduna, wani matashi ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, wai in kalli hoton tsiraicin wata jarumar fim da aka sato daga wayarta. Na kawar da kai, raina a ɓace. A da mai mujallar batsa ƙarƙashin katifa yake ɓoye ta saboda kunya, amma yanzu a WhatsApp ake raba wannan ƙazanta. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, kuma bai ce ban da fitattun mutane ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, dattijon da ke gefena ya karɓi wayar ya duba.