Yadda lissafin kwadiratik ya cinye kilishin surukata

A gidana akwai tambayar da na fi tsoro fiye da "Malam, shinkafa ta ƙare", ita ce "Baba, ka iya wannan?" Balle in mai tambayar 'yata ce ta fari da ke aji biyu na babbar sakandare, ga ƙannenta sun zuba mini ido. Ta miƙo littafi, na ga x² + 6x = 16, irin lissafin da ake kira kwadiratik, wanda x ke ninka kanta a cikinsa. Wai malaminsu ya ce a warware ta hanyar cika murabba'i, wanda ya yi da fomula kuma ya sha sifili. Na ce ai wannan wasan yara ne, bari dai in dawo daga Magariba. Ni kuwa rabona da x tun ranar da na miƙa takardar WAEC.

Da aka sallame sai na zarce majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, wurin wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da lissafi. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Amma kafin ya ja layi ɗaya sai da ya kai ni Bagadaza. Ya ce Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta wannan hanya wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, da zallar kalmomi, ko x ɗaya babu. Misalinsa shi ne murabba'i da tushensa goma sun ba da 39: rabin goma biyar, biyar sau biyar 25, a haɗa da 39 a samu 64, tushensa (wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 64) takwas, a cire biyar, saura uku. Ya ƙara da cewa mu Katsinawa ba baƙin lissafi ba ne, tunda Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, har rubutu ya bari kan hatimin lambobi. Sannan ya zana mini abin a ƙasa, na tashi ina jin kaina jikan malamai.

Na iso gida babu wuta, babu kwalin da zan yanka. Ina haska fitilar waya sai ga wani ƙunshi a kan firij: kilishi ne faifai-faifai, mai faɗi, ya sha yaji da tunkuza. Duk wanda ya san koyarwa ya san ba a wuce irin wannan kayan aiki.

Na ɗauko almakashi na tara yara. Na yanko murabba'i, na ce faɗinsa ba mu sani ba, sunansa x. Na yanko wani dogo mai tsawon x da faɗin yatsu shida, na ce ga 6x. Na raba shi biyu, uku-uku, na jera ɗaya a gefen dama na murabba'in, ɗaya a ƙasansa. Sai ga babban murabba'i ya kusa fita, amma da giɓi a kusurwa. Na ce da ita, "Auna mini wannan giɓin." Ta sa yatsu ta ce uku da uku ne, tara ke nan. Na yanko tara daga wani faifan na cike. Tunda kuma ƙa'ida ta ce abin da aka ƙara a hagun lissafin sai an ƙara a damansa, na sake yanko tara na ɗora kan wani tarin kilishi da muka ware a gefe muka kira 16, ya zama 25. Yanzu kowane gefe x + 3 ne, tushen 25 biyar ne, cire uku, x ya zama 2.

Yarinya ta yi shiru, can ta ce, "Ashe shi ya sa ake raba shidan biyu!" Wallahi a lokacin ko gwamna bai kai ni ba. Ta ɗan yi maganar wai kamar malaminsu yana samun amsa biyu, na ce ta bar wannan, mu Bagadaza muke bi.

Na waiwaya in nuna mata ɓangaren dama, na tarar auta ya cinye 16, yana kan cin taran. Daidai nan uwargida ta ɗaga labule.

"Malam, mi zan gani haka? Kilishin Hajiya ne fa, motar safe za a ba a kai mata Daura!"

Na ce ilimi ake yi, kuma ko Hajiya ta ji jikarta ta gane kwadiratik sai ta sa albarka. Ta dubi abin da ya rage a tire, ta dube ni, ta ce tunda na iya ƙara wa hagu da dama, to ƙunshin nan ma ya koma yadda yake kafin asuba. Ƙarfe goma na dare ina tsaye gaban mai kilishi, ya faɗi farashin da ya sa na nemi benci.

Washegari yarinya ta dawo fuska a murtuke, an ba ta rabin maki. Wai 25 tushe biyu gare ta, 5 da −5, don haka x na iya zama −8, kuma in ka gwada, 64 a cire 48, 16 ɗin ce dai. Na ce ina aka taɓa ganin kilishi mai faɗin ƙasa da sifili? Na kai ƙara majalisa, dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce ai al-Khawarizmi ma bai lissafa amsar da ta gaza sifili ba. Na dawo da wannan hujja da ƙarfina, 'yar tawa ta ce, "Baba, ba shi ke makin takardarmu ba."

Jiya ta ce an ba su 2x² + 8x = 10, wai sai an fara raba komai da biyu. Kafin in buɗe baki uwargida ta kwashe duk wani abu mai faɗi a gidan, har da dardumar baƙi, ta kulle a ɗakinta tare da almakashin.