Ina Tuwon Da Ka Ci Ya Tafi?

Assalamu alaikum 'yan uwana mutanen Damagaram.

Allah Yana cewa a Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba ku gani?"

Furar da ka sha da hantsi ba ta zama ƙarfi nan take. Sai hanji ya mayar da ita sukari, jini ya kai shi ƙwayoyin jiki, a farfasa shi, ya shiga wani ɗan lungu da ake kira mitokondiriya. A can gutsuren sukarin mai ƙwayar kabon 2 (kabon wani sinadari ne da ke cikin abinci) yake haɗuwa da sinadari mai kabon 4, su zama mai 6, wato sitirik, wannan dai da ke cikin lemun tsami. Sai a bi matakai 8 ana tatsar ƙarfi, kabon 2 ya fita, a dawo kan mai 4, ya karɓi wani gutsuren. Kamar guga a rijiya, ya hau ya sauka, kana barci ko kana sujada. Kabon da ya fita kuwa yana cikin iskar da kake fitarwa yanzu. Kalacinka ne ke fita ta hancinka. Subhanallah!

Hans Krebs, haifaffen Jamus, shi ya gano wannan kewayen a 1937 a Ingila, yana gwaji da tsokar ƙirjin tantabara, har aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Ganowa kawai ya yi. Abin yana aiki tun a jikin Annabi Adamu.

Ga abin da ke damuna. Idan jiki ya ƙoshi da ƙarfi kuma ka ci gaba da ɗura masa, sitirik ɗin yakan fice daga lungun nan a mayar da shi kitse. Mu kuwa, wanda Allah ya hore wa, daga shinkafa sai kilishi, sai shayi mai sukari kofi uku, a Zango ko a Birni duk ɗaya, alhali maƙwabci ya kwana da yunwa. Manzon Allah (SAW) ya ce kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Kuma kewayen nan, in babu iskar da muke shaƙa, tsayawa yake yi.

Alhaji, Hajiya, daren yau a yi bisimilla, a rage loma, a ɗebi na maƙwabta tun kafin a sa hannu a kwano. Mai ciwon sukari ko wata larura, ya tuntuɓi likita kafin ya sauya cimarsa.