Dutsen da tsohuwa ta sa ɗana ya mayar

Asabar ɗin da ta wuce na kwashi yara muka je Clava, bayan garin Inverness a tsaunukan arewacin Sikotland, inda nake zaune shekara shida ke nan. Wurin yana gefen kogin Nairn, kusa da filin da aka yi yaƙin Culloden a 1746. Tarin duwatsu ne guda uku, kowanne zagayayye kamar gindin rumbu, an kewaye shi da dogayen duwatsu a tsaye, gansakuka ta lulluɓe su, manyan itatuwa sun yi musu inuwa. Kaburbura ne masu shekara wajen 4,000. Biyu daga ciki suna da siririn lungu da mutum zai bi ya shiga tsakiya, bakin lungun kuma yana kallon kudu maso yamma, daidai inda rana take faɗuwa a tsakiyar hunturu. Ba mai gadi, ba kuɗin shiga.

Autana ya tsinci wani ɗan jan dutse a jikin tarin ya jefa aljihu. Wata tsohuwa da ke yawo da karenta ta hango shi. Ta matso, ba tsawa ba harara, ta ce ya mayar inda ya ɗauka, don wanda ya ajiye shi a nan da niyya ya ajiye. Kuma gaskiyarta. Da Farfesa Richard Bradley ya yi tono a wurin a shekarun 1990, ya gano cewa maginan sun zaɓi duwatsu masu ja-ja sun jera su ta ɓangaren faɗuwar rana.

Abin ya tsaya mini a rai. Matar nan ba ta san sunan ko mutum ɗaya da aka binne a wurin ba, ko harshensu babu wanda ya sani, amma ta tsaya musu kamar kakanninta.

Ni mutumin Katsina ne, amma ƙafata ba ta taɓa taka Durɓi ta Kusheyi ba, tsofaffin kaburburan da ake dangantawa da sarakunan Katsina na farko. Ba malamin da ya kai mu. Palmer, wani Baturen mulkin mallaka, ya tona wurin a 1907, Jamusawa suka zo a 1992 suka fito da zinare da tagulla da kuɗin wuri, mu da ke kusa muna jin labari daga bakin baƙi. Tsofaffin gumakan yumɓu na Nok a kudancin Kaduna kuwa, masu haƙar dare sun kwashi rabonsu sun sayar waje.

Na san abin da za a ce mini: mai jin yunwa ba ya gadin dutse, kuma addininmu ya hana gina kabari da ɗaukaka shi. Na yarda, kuma ba na son Bature ya koya mini mutunta mamaci, mu da muke barin kasuwa mu bi gawar wanda ba mu sani ba. Amma kiyaye wuri daga ɓarna ai ba bauta ba ce.

Da Baba ya rasu ina nan, ban samu jana'iza ba. Bara da na je gida na ce Yaya ya raka ni maƙabarta. Damina uku ta zaizaye tudun, fasasshiyar tukunyar da aka kafa alama ta ɓace. Mai gadi ya nuna kaburbura biyu ya ce ɗaya daga cikinsu ne. A tsakaninsu muka tsaya muka yi addu'a.