Ruwan Akokan: ana awo, amma masu sha ba su gani

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan, dab da Arlit a arewacin Nijar, wadda tun 1978 ake haƙarta a ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen mita 250. Ma'aikata sun watse, injuna sun yi shiru. Abin da bai tashi ba shi ne tulin sharar ma'adinin, kusan tan miliyan 20, da talakawan da ke shan ruwan wannan ƙasa safe da yamma.

To, don Allah, wa ke duba wannan ruwa?

Za a ce maka ai ana awo, akwai rijiyoyin da aka haƙa musamman don ɗibar samfuri. Mun ji. Amma kamfanin haƙar ma'adinin shi ke ɗiba, shi ke aunawa, shi ke rubuta rahoto da Faransanci, a kai ofis a Yamai a ajiye. An ba kura ajiyar nama ke nan. Matar da ta yi sammako ta cika jarka a famfo, wa ya taɓa tsayawa ya gaya mata abin da aka samu a ciki? Ruwan da ke da yuraniyom ba ya wari, ba ya sauya kala. Garau yake a kofi, sai dai ya bi a hankali ya ci ƙoda.

Kuma ba shaci-faɗi ba ne. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi samfurin ruwa biyar a yankin Arlit, cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta auna, huɗu daga ciki suka wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha. Ƙungiyar Aghir In'man ta 'yan garin ta daɗe tana kuka har murya ta dishe. Wato sai baƙo ya tako daga Turai kafin ɗan ƙasa ya san me yake zuba wa 'ya'yansa. Abin kunya ne wallahi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne irin ruwan. Na shimfiɗar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake kira Tarat ne, wanda ya taru tun zamanin da Sahara ke samun damina, dubban shekaru da suka wuce. Ba ya sabuntuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. An yi shekaru ana zuƙe shi don ramuka su bushe a samu damar haƙa, ana kuma wanke ma'adini da shi. Yanzu da aka bar ramukan, ruwa zai koma ya cika su, ya jiƙa duwatsun da aka farfasa. Lokacin da ya fi buƙatar sa ido ke nan, kuma lokacin ne kowa ya juya baya. Ga ruwan sama, ko da ƙalilan ne, in ya sauko kan tudun shara sai ya gangara, raƙuma da awakin makiyaya su sha inda ya kwanta.

Gwamnati ta karɓe Somair, ɗayan kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, a 2025, an yi ta murnar arzikinmu ya dawo hannunmu. Madalla. To, alhakin ruwan ma ya dawo hannun. A ɗauko masu awo da ba su cin albashin mai haƙa, su bi rijiya rijiya, har da na lambuna da na makiyaya. A karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tamashek, a liƙa shi a kasuwa. Rijiyar da ta gurɓata a shafa mata jan fenti, a rufe, a kawo wa unguwar wani ruwan kafin a tafi.