Kafin ka zagi wasan, ka buga shi?

Na daɗe ina haɗiye wannan magana, yau dai sai ta fito. Da zarar an ce akwai mai sauya jinsi a wasan bidiyo, sai intanet ta kama da wuta, kuma da yawa daga masu hura wutar ko sau ɗaya ba su taɓa kunna wasan ba.

Ku tuna The Last of Us Part II a 2020. Tun kafin ya fito wasu sassansa suka sulale zuwa intanet, aka ga wata Abby, mace mai damtse kamar na ɗan dambe. Nan take aka yanke mata hukunci: wai namiji ce da ta koma mace. Ƙarya ce tsagwaronta. Mace ce da ta shekara da shekaru tana ɗaga ƙarfe saboda tana son ɗaukar fansar mahaifinta. Da wasan ya fito, aka haɗa da haushin abin da ta aikata a labarin, aka juye a kan Laura Bailey wadda ta yi muryarta. Sai da ta wallafa saƙonnin da ake turo mata na barazanar kisa, har da ɗanta ƙarami ba a ƙyale ba. Saboda Allah, mace ta je aiki ta karanta abin da aka rubuta mata, laifinta ke nan?

Mai sauya jinsin da ke cikin wasan Lev ne, yaron da ya aske kansa kamar mazan ƙungiyarsu, suka tashi kashe shi, ya gudu. Abin da ya zauna mini a rai game da shi wani wuri ne can ƙololuwar gine-gine, inda za a tsallaka wata siririyar gada. Abby, duk ƙarfin nan nata, tsoron tsawo take yi, ƙafafunta na rawa. Yaron ne ke gaba yana lallashinta, yana ce mata ta ci gaba da tafiya. Ni kaina tafin hannuna sai da ya jiƙe. A lokacin ban tuna da wata muhawara ba, fata na kawai kada su faɗo.

Ban zo ba da fatawa ba. Kowa ya san abin da addininsa da tarbiyyarsa suka koya masa, kuma wanda ya ce ba zai saya ba, kuɗinsa ne. Wasan ma na ’yan shekara 18 ne, yana rubuce a jikin kwalin, iyaye su duba. Amma ƙin saye daban, cin mutuncin ɗan Adam daban. Mu da muka sha ganin an mayar da baƙar fata ko mai rawani abin harbi a wasanni, irin surutun da aka yi kan Resident Evil 5 a 2009, ai mun san zafin a zana mutum ba tare da an san shi ba.

Su ma kamfanonin ba wanke su zan yi ba. Wasu liƙa irin wannan mutum kawai suke yi don a tafa musu. A Mass Effect: Andromeda na 2017 akwai Hainly Abrams, wadda haɗuwarku ta farko, ko gaisawa ba ku gama ba, za ta faɗa maka tsohon sunanta. Masu sauya jinsin da kansu ne suka ce ba mai yin haka da baƙo, har BioWare, kamfanin da ya yi wasan, ya ba da haƙuri ya gyara. Abin mamaki, kamfanin nan ne ya rubuta Krem, shi ma mai sauya jinsi, a Dragon Age: Inquisition tun 2014: sojan haya, mataimakin shugaban rundunarsa, mai tsokana da barkwanci. Za ka daɗe kana karɓar rahoton yaƙi daga bakinsa kafin zancen rayuwarsa ya taso, shi ma a teburin hira ne, cikin abokan da suka riga suka yarda da shi.