Mamacin da ba shi da kabari a garinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan la'asar muka kai wani dattijo makwancinsa a ƙauyenmu na ƙasar Ringim. Da aka gama rufewa, kowa ya nufi inda nasa suke kwance yana ɗaga hannu. Ni kuwa sai ƙanen kakana ya faɗo mini a rai, wanda ko tudun ƙasa ba shi da shi a maƙabartar nan.

Lokacin yaƙin Hitila aka ɗauke shi soja. Hakimi ya aiko wa dagaci a ba da samari, shi kuma ga ƙarfi, ko auren fari bai yi ba. Daga Kano sai Ikko, jirgin ruwa ya kai su Indiya, daga nan sai dajin Bama. Ba Bama ta Barno ba, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. A can harsashi ya same shi. Wani abokin tafiyarsa da ya dawo shi ya kawo labari, amma gyatumarsa har ta koma ga Allah ba ta yarda an taɓa fartanyarsa ba.

A ƙarshen Suratu Luƙman Allah ya ce babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Muna karantawa muna wucewa. Yaron da iyakar tafiyarsa cin rani a birni, ga inda ƙasarsa ta kira shi. Kusa da birnin Rangun na can Bama akwai maƙabartar sojoji ta Taukkyan, an rubuta sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da namu 'yan Arewa.

Na san wani zai ce ai yaƙin Bature ne, shahidi ne ko ba shahidi ba? Malam, bar wa Mai shi wannan hukunci. Mutumin ya yi salla, ya yi azumi, yana da haƙƙin addu'a a kanmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa idan ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. To wanda ya tafi bai haihu ba fa? Mu da muke noma gonar da ta zama rabonsa, rabonmu da ambatonsa tun rasuwar tsofaffi. Da ni a cikin masu laifin.

Ku tambayi dattawan gidanku tun suna raye: wa ya tafi aikin soja Bama, ko Kwango, ko Laberiya, bai dawo ba? Ku riƙe sunan, ku sa shi cikin sujada. Ni dai ran Juma'ar nan na ce a toya waina a raba wa almajirai da sunansa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.