A rubuta mana dalili kusa da sunan

Jiya na tabbatar cewa wasu masu haɗa ƙunshin manhaja, wato masu shirya manhaja yadda za a iya saka ta a kwamfuta, suna zaton duk duniya na zaune ne a kan intanet marar iyaka. Ƙaramar manhaja guda ɗaya na je sakawa a kwamfutocin ɗaliban da nake koyarwa a nan Ƙofar Ƙaura, sai ta taho da zugar wasu manhajojin da ban taɓa jin sunansu ba, har datar da na saya da niyyar mako guda ta ƙare kafin la'asar. Madalla da wannan karamci. Mutum ɗaya aka gayyata biki, ya kwaso unguwarsu gaba ɗaya.

Duk mai aiki da Debian ko Ubuntu, wato nau'o'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ya san matakan nan uku da ake jera manhajojin da ke rakiyar wata manhaja. Abin da aka rubuta a Depends dole ne, manhajar ba za ta yi aiki ba sai da shi. Na Recommends shi ne wanda ake sa ran kusan kowa zai buƙata, kuma apt, wanda shi ke saka manhajoji a tsarin, yana saka shi kai tsaye sai in ka hana. Na Suggests kuwa shawara ce kawai. Tsarin ba shi da laifi a takarda. Laifin shi ne babu inda ake faɗa maka dalili. Suna ne tsirara a jere, ba a ce wannan don bugu a firinta yake ba, ba a ce wancan don sauti yake ba, sai dai ka yi ta duba kamar mai bugun ƙasa.

Arch Linux, wani nau'in Linux ɗin, ta daɗe da warware wannan a filin optdepends, inda mai haɗa ƙunshin kan rubuta suna, ya biyo shi da gajeren bayanin amfaninsa, kamar a ce cups don buga takardu. Layi ɗaya ne tak. Da RPM, tsarin ƙunshin da wasu nau'o'in Linux ke amfani da shi, ta shigo da Recommends da Suggests a sigarta ta 4.12 a 2014, sunayen filayen ta ɗauka, ba ta ƙara wurin dalili ba, ga shi har yau muna lalube.

Na san za a zo a ce mini in yi amfani da --no-install-recommends, umarnin da ke hana apt saka na Recommends. Na sani, na gode. Wannan ai zubar da miya ne don an ga ƙashi a ciki, domin yana yanke mai amfani da marar amfani tare, sai bayan kwana biyu ɗalibi ya danna wani maɓalli ya ƙi aiki ba tare da wani bayani ba. Masu cewa in je in karanta bayanin kowane ƙunshi ɗaya bayan ɗaya kuma, ina gayyatarsu su zo su yi hakan a kan kwamfutoci goma alhali man janareta na ƙarewa.

Tsakani da Allah ina girmama masu haɗa ƙunshin nan, galibinsu aikin sa kai suke yi, kuma da guminsu muke koyar da yaran Katsina ba tare da sayen lasisi ba. Roƙona ɗaya ne: duk sunan da za a sa a Recommends ko Suggests, a tilasta rubuta dalilinsa a gefe, apt kuma ya nuna shi tare da nauyin abin kafin ya taɓa datata. Wanda ya kasa rubuta dalilin a layi ɗaya, to sunan bai cancanci zama a Recommends ba tun farko.

Su ma masu Python, yaren rubuta manhaja, kada su yi dariya, domin na ga yadda suke tara duk abubuwan zaɓi a rukuni guda su kira shi all, sannan su rubuta a umarnin sakawa cewa shi za a yi amfani da shi.